Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarakunan Hausawa da Limaman Legas: Wa Zai Tsaya wa Mai Gadi Idan Ya Faɗi Abin da Ya Gani?

Zuwa ga iyayenmu Sarakunan Hausawa na Jihar Legas, da malamanmu limaman masallatan Juma'a, da shugabannin kasuwanninmu na Mile 12, Alaba Rago, Agege da Idi-Araba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da addu'ar Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin jama'a, ina neman izini in kawo muku wata magana wadda na san bisa al'ada a zaure ake kai ta, a durƙushe, ba a shafin da kowa zai karanta ba. Abin da ya sa na fito da ita fili shi ne, mutanen da ta fi shafa ba su cika samun zuwa zaurukanku ba. A lokacin da kuke zaman fada su suna barci, idan gari ya yi tsit kuma su ne ke zaune a kan benci a bakin ƙofofin mutane, daga Ikeja zuwa Surulere, daga Magodo zuwa Lekki, da tocila da 'yar rediyo. Ina magana ne a kan masu gadinmu, da masu shayinmu, da 'yan ga-ruwa masu fita tun kafin assalatu, da abin da ya wajaba a kansu da kuma abin da ya wajaba a kanku ranar da bindiga ta tashi a gidan da ke kallonsu.

Shekarata 27 a Agege, ina riƙe wa wasu dilolin albasa littafin lissafi a Mile 12. Ni na kawo ɗan wana Legas shekara uku da suka wuce, ni kuma na nema masa gadi a wani gida, a wata unguwa da ba zan ambata ba. A daminar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, ya ji harbi sau uku daga gidan da ke fuskantar nasu. Ya kashe tocilarsa, ya leƙa ta 'yar kafar da ke jikin ƙofar ƙarfen, ya ga mutum biyu sun fito da sauri, hasken fitilar titi kuwa ya sauka a fuskar ɗayansu. Mutum ne da ya sha zuwa gidan da rana, har ya taɓa miƙa masa na goro. Maigidan bai kai safe ba, uwargidan ta sami rauni a kafaɗa, yaran kuma Allah ya tsare su a ƙarƙashin gado. Da gari ya waye aka kwashi masu gadin layin gaba ɗaya, su bakwai, aka kai su wani caji ofis, inda ɗan wana ya yi kwana tara a bayan kanta yana maimaita magana ɗaya: barci ya sace ni, ban ga komai ba. Sai da aka yi wata huɗu, muna zaune a teburin mai shayi bayan Isha, ya riƙe kofi har ya huce bai kurɓa ba, sannan ya buɗe baki. Da na tambaye shi dalilin shirunsa, sai ya ce da ni, "Baffa, in na ce na gan shi, cewa za a yi tare muka ƙulla. In ma ba a ce haka ba, shi wancan ya san inda nake kwana."

Na so in yi masa faɗa, amma bakina ya yi nauyi, domin duk abubuwa biyun da ya faɗa gaskiya ne a wajen talakan da ba shi da kowa. Washegari na kai maganar wurin wani dattijo da muke girmamawa, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce in bar kaza cikin gashinta, in sa yaro a mota ya koma gida. Na san don tausayi ya faɗi haka, amma ban iya barci a kan shawarar ba, saboda na sha ganin marayun nan uku suna fitowa makaranta. Daga baya Allah ya haɗa ni da wani lauya mai jin Hausa, ya raka mu wurin hukuma, yaron ya ba da bayaninsa a gabansa, aka karanta masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Maganar tana hannun hukuma yanzu, don haka ba zan ƙara komai a kanta ba. Abin da ke cin raina shi ne wata huɗun nan. Kyautar watannin nan muka ba wanda ya kashe rai, ba don mugunta ba, sai don yaron bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

A daren da ya gaya mini, wani labari da na bi a rediyo a 2023 ya dawo mini sabo. Ranar Juma'a 28 ga Afrilu, mako guda bayan ƙaramar Sallah, a wani ƙaramin gari mai suna Cleveland da ke arewa da birnin Houston a jihar Texas ta Amurka, wani mutum ɗan shekara 38, Francisco Oropesa, yana ta harba bindigarsa a farfajiyar gidansa cikin dare. Maƙwabtansa, baƙi ne 'yan ƙasar Honduras da suka je neman abinci, suka zo bakin shinge suka roƙe shi ya matsa nesa, saboda jariri ya kasa barci. Ya ce gidansa ne, abin da ya ga dama zai yi. Ba a jima ba ya tsallako da bindiga ƙirar AR-15 ya shiga gidan, ya kashe mutum biyar, ciki har da yaro ɗan shekara tara. Mata biyu daga cikin mamatan an same su a kife a kan ƙananan yara, sun yi musu garkuwa da jikinsu, aka zaro yaran jina-jina da jinin da ba nasu ba, amma da ransu. Mahaifin yaron da aka kashe, wanda ya rasa matarsa a daren, ya shaida wa 'yan jarida cewa sau biyar suka kira 'yan sanda kafin abin ya auku, ana ce musu ana nan tafe. Daga baya binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna cewa jami'an sun ɗauki kusan ninki huɗu na lokacin da shugabansu ya fara faɗa kafin su iso.

Daga nan aka shiga farauta. An baza jami'ai fiye da 250, da karnuka masu bin sawu, da jirage marasa matuƙa, aka sa ladan dala 80,000 ga duk wanda ya ba da labarin inda yake. An tsinci wayarsa da wasu tufafinsa a jeji, karnuka suka bi ƙanshi har ya ɓace musu. Kwana biyu da kisan, babban jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, mai kula da yankin ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce ba su da ko zare ɗaya da za su bi. Ranku ya daɗe, ku dubi wannan da kyau: ƙasar da ta fi kowa na'ura da kuɗi, jami'anta sun kwana huɗu suna lalube a duhu. Abin da ya kawo ƙarshen farautar kiran waya ne guda ɗaya da wani mutum ya yi da yammacin Talata 2 ga Mayu, kuma bayan awa ɗaya da 'yan mintoci aka zaro mai kisan daga cikin ɗakin ajiye tufafi, ya lulluɓa da kayan wanki, a wani gida da bai kai tafiyar awa guda a mota daga inda ya yi ɓarnar ba. An kama matar da yake zaune da ita da wani abokinsa bisa zargin taimaka masa ya ɓuya. A watan Janairun 2025 ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar afuwa ba. Hukumomin ba su fito sun shelanta sunan wanda ya yi kiran ba, kuma wannan shi ne wurin da nake so mu tsaya.

Wanda ya ɗaga wayar nan ya yi ne da yaƙinin cewa ba za a kwana da shi a bayan kanta ba, kuma ba za a kai sunansa kunnen dangin mai laifi ba. Da ba shi da wannan yaƙinin, da ya yi abin da ɗan wana ya yi. Tsoro iri ɗaya ne a ko'ina, bambancin kawai shi ne wani yana da inuwar da zai fake ya yi magana, wani kuwa a rana yake tsaye.

Akwai wasu abubuwa biyu a labarin da suka taɓa ni a matsayina na baƙo a garin mutane. A tsakiyar farautar, FBI ta saki hoton wani mutum daban bisa kuskure, ta janye daga baya, amma kafin nan hoton ya zaga duniya, bawan Allah kuma ya shiga fargabar ransa. Sannan Gwamnan Texas, Greg Abbott, a sanarwar da ya yi ta ladan, ya kira mamatan baƙin haure, abin da ya jawo masa suka har ofishinsa ya sassauta maganar. Gawarwaki ba a binne ba, amma an riga an koma tambayar daga ina suka zo. Duk Bahaushen da ya yi shekara goma a Legas ya san ɗanɗanon wannan. Idan aka kashe namu, tambayar farko ita ce me ya kawo shi, idan kuma aka yi kisa a layinmu, hannun farko da ake damƙa na mai gadi ne.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu ga darajar bakin mutum ɗaya. Ku ne shaida a kan Evans, mai garkuwa da mutanen da ya addabi attajiran garin nan shekara da shekaru, har 'yan sanda suka sa ladan naira miliyan 30 a kansa. Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani da aka tsare a wani gida a Igando ya samu ya kuɓuta, ya kai labari, kuma a watan Yunin 2017 aka kama shi a Magodo, unguwar da 'ya'yanmu ke gadin gidajenta. Ku ne kuma shaida a kan abin da ya faru a Ikorodu a 2016 da 2017, lokacin da 'yan ƙungiyar Badoo ke shiga gidaje cikin dare suna hallaka miji da mata da 'ya'ya a kan shimfiɗarsu da dutsen niƙa. Da jama'a suka yanke ƙauna suka ɗauki doka a hannu, sai aka koma ƙona duk wanda ba a san fuskarsa ba, har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba suka tafi a ciki. Inda shaida ya kasa magana, jita-jita ce ke magana a madadinsa, ita kuwa jita-jita baƙo take fara ci.

Ranku ya daɗe, Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Da rana ana kiranmu baƙi, amma daga sha biyun dare zuwa asuba babu ɗan garin da ya kai mu sanin Legas. Mai shayin da ke kan kwana ya san motar da ta tsaya sau uku ba a fito ba. Mai gadi ya san wanda ya shiga layi a ƙafa ya fita a kan babur. Ɗan ga-ruwa yana shiga har tsakar gida, mai gyaran takalmi yana zaga unguwa sau biyu a wuni, baban bola ya san kangon da aka fara kwana a ciki. Babu kyamarar da gwamnati za ta kafa da za ta kai idanun nan yawa. Amma dukiyar nan a kulle take, mabuɗinta kuma, ina ganin, yana aljihunku ne ba a aljihun 'yan sanda ba, domin yaron da ya zo daga Illela ko Maigatari ko Mubi bai san Kwamishina ba, bai san DPO ba, Sarkin Hausawa ya sani da limamin da yake bi sallah.

Malamanmu, ku kuka fi ni sanin abin da Allah ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara, cewa kada a ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta kuwa zuciyarsa mai zunubi ce. Ina roƙonku ku hau mumbari da wannan ayar, ku fassara ta da misalin mai gadi da ƙarar bindiga, ba da misalin bashi kaɗai ba, ku kuma faɗa a fili cewa jinin Bayarabe ko Ibo ko Kirista da aka zubar a gidansa yana da haƙƙin shaidarmu kamar jinin ɗan'uwanmu na zango. Sai dai ina roƙon kada a tsaya a wa'azi. Idan aka ɗora wa talaka nauyin faɗar gaskiya ba a tanadar masa wanda zai tsaya a bayansa ba, an tura shi kogi ne ba kwale-kwale. Yaron da ya ji huɗuba ran Juma'a ya je caji ofis ran Asabar shi kaɗai, ba Turanci ba Yarbanci, aka rubuta abin da bai faɗa ba ya dangwala, to ba zai sake ba, kuma duk masu gadin layinsu za su ɗauki darasi daga gare shi.

Abin takaicin shi ne doka tana gefenmu a wurare da yawa, mu ne ba mu san ta ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa, ya kuma wajabta a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. Ya ce a gurfanar da shi a kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko da yake ya ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma tanadi tafinta ga wanda ba ya jin Turanci a lokacin ɗaukar bayani. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyi masu kare marasa ƙarfi kyauta, wato OPD, tun shekarar 2000, ga kuma hukumar ba da tallafin lauya ta tarayya. Na tambayi masu gadi fiye da ashirin a watannin nan, ban sami ko ɗaya da ya taɓa jin sunan ɗayansu ba.

Don haka abin da nake roƙo a wurinku ba mai tsada ba ne. A kowace fada ta Sarkin Hausawa a ware mutum biyu ko uku masu jin Turanci da Yarbanci, masu riƙe sirri, waɗanda lambar wayarsu za ta kasance a jikin kowane masallaci da kowace rumfar shayi, a kuma sanar cewa duk wanda ya ga wani abu ya fara da su ko da tsakar dare ne. Su ne za su raka shi, su zauna a gefensa har a karanta masa bayaninsa, su kuma dawo da shi. Cikin kuɗin da ake karɓa a kan kowane buhu da kowace mota a kasuwanninmu, a cire wani abu a riƙe lauya na dindindin, domin mu da muke riƙe da littafi mun san kuɗin ba su gaza ba. Idan kuma shaida ya ji tsoron kwana a inda yake, a sama masa wurin kwana da wani aikin a wata unguwa har ƙura ta lafa. Sannan ku haɗu ku nemi zama da Kwamishinan 'Yan Sanda da DPO-DPO na yankunanku, ku gaya musu da bakin manya cewa kamen kan mai uwa da wabi yana toshe musu bakin da suke nema, kuma kuna shirye ku kawo shaida da hannunku muddin za a karɓe shi a matsayin shaida, a kuma rufa masa asiri. Maganar da za ta fito daga rawani goma sha wani abu a ɗaki ɗaya ba za a jefar da ita a kwandon shara ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da sanarwa bayan sallah za ta wadatar. Lambobin kiran gaggawa na Legas, 112 da 767, kyauta ne, ko babu kati a waya suna shiga, ya kamata kowane mai gadi ya haddace su kamar lambar maigidansa. Na biyu kuma, tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya yi masa magani nan take ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma kare wanda ya ɗauko shi daga tsangwama. Mutane nawa ne jini ya ƙare musu a bakin ƙofa saboda maƙwabta suna tsoron a ce su suka harbe su? Maigidan da na ba ku labarinsa ya daɗe a kwance kafin a sami mai ƙarfin halin taɓa shi.

Yanzu sai ɓangaren da ya fi mini wuyar faɗa, ina kuma neman afuwa idan ya yi ɗaci. Zango an gina shi ne a kan karɓar baƙo. Mutum ya sauko daga motar shanu ko ta tumatir ba shi da kowa, ya yi sallama a masallaci, a ba shi tabarma da tuwo ba a tambaye shi sunan ubansa ba. Da wannan karamcin muka kafu a Agege da Obalende tun zamanin kakanni, ni ma da shi aka karɓe ni, ba na kuma fatan ya mutu. Amma zamani ya juya. Arewa tana fama da 'yan bindiga, wanda kuma ya yi ɓarna a can ya san babu maɓoyar da ta kai cunkoson Legas. Haka nan wanda ya yi kisa a Ikorodu yana iya kwana a rumfa a Alaba Rago idan yana jin Hausa. Waɗanda suka ɓoye mai kisan Texas ba baƙi ba ne a wurinsa, nasa ne na jiki, kuma ƙaunar da suka nuna masa ce ta kai su gaban alƙali. Malamai sun karantar da mu hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa Allah ya la'anci wanda ya ba mai ɓarna mafaka, dokar ƙasa ma ta ɗauki ɓoye mai kisa babban laifi. Ina roƙon kowane mai unguwa da kowane shugaban rumfa ya riƙe littafi: wanene ya sauka, daga ina, wa ya san shi, wa ya tsaya masa. Mutumin kirki ba zai ƙi a rubuta sunansa ba. Wanda kuma aka ga ƙarfe a cikin kayansa, kada a ce a yi masa nasiha a sallame shi ya koma wata unguwa, a miƙa shi, domin lasisin bindiga hukuma ce ke bayarwa, ba shaidar 'yan'uwa ba.

Kun fi ni sanin abin da wake ɗaya ke yi wa gari. A watan Maris na 2016 rigimar da ta taso a kan ɗan acaba ɗaya ta cinye rayuka da gidaje a Mile 12 da Agiliti, har gwamnati ta rufe kasuwar. Ina cikin waɗanda suka tsaya suna kallon albasa tana ruɓewa a cikin motoci. A watan Maris na 2025 kuma, a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano yin Sallah aka kashe su a bakin titi bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Babu abin da zai halatta wannan ta'asa, kuma har gobe muna neman haƙƙinsu. Amma ta nuna mana irin busasshiyar ciyawar da muke zaune a kai. Ranar da aka harbe wani iyali a garin nan, aka kuma zaro wanda ya yi daga wata rumfa tamu bayan mun san da shi mun yi shiru, ba shi kaɗai zai biya ba, mai shayin da ke Ketu da mai facin da ke Ojota za su biya tare da shi. Idan kuwa mu muka miƙa shi, to da bakinmu za mu tsaya gaban kowa mu nemi a bambanta mai laifi da mai neman halali.

Kada kuma mu manta da yadda abin Texas ya faro. Ba ranar ce mutumin ya fara harbi a farfajiyarsa ba, jami'ai sun taɓa zuwa gidansa a kan haka, aka bar shi da bindigarsa. A nan ma muna da irinsu: mai harbin iska idan ya sha ya bugu, da wanda ke fito da ƙaramar bindiga a kan rigimar wurin ajiye mota, da yaran ƙungiyoyin asiri da kowa a layi ya san su. Bai kamata a bar mai gadi ko magidanci ɗaya ya je bakin shinge ya roƙi irin wannan mutum shi kaɗai ba, don mun ga inda roƙon ya kai waɗancan bayin Allah. Ƙorafin ya bi ta hannunku, ku haɗa kai da baale, wato mai unguwar Yarbawa, da ƙungiyar masu gidaje, a kai shi a rubuce da sunan jama'a, yadda babu wanda za a nuna da yatsa a ce shi ya kai ƙara.

Ɗan wana yana gida yanzu, ya koma noma, ya ce ya bar gadi har abada. Kafin ya hau mota a Agege ya riƙe hannuna ya ce in gaishe masa da yaran, in gaya wa babbarsu cewa ba don ba ya son babansu ya yi shiru ba. Har yau ban sami ƙarfin kai wannan saƙon ba. A bencin da yake zama wani yaron ne yanzu, ɗan shekara kamar goma sha tara, daga wajen Gwadabawa, na kuma ba shi lambata na ce ya kira ni kome dare. Amma ni ɗan lissafin albasa ne, muryata ba ta wuce rumfarmu. Ina roƙonku ku sa wannan magana a zamanku na gaba, ku ware Juma'a ɗaya da duk masallatanmu za su yi huɗuba a kanta, ku kuma fitar da sunayen waɗanda za a riƙa kira kafin damina ta sake zagayowa. Idan ana bukatar mai riƙe littafi ko mai raka yaro caji ofis, ina Mile 12 kullum daga bayan asuba zuwa la'asar, a aiko a kira ni.

Allah ya ja zamaninku, ya jiƙan waɗanda aka kashe a gidajensu, ya raya marayunsu.

Wassalam.

Ɗanku,
Wani mazaunin Agege, Legas.